Muhawara: Shin mai gaskiya yana da dalilin tsoron lambar shaida?

Malam Habu:
Salamu alaikum jama'a. Na ga ƙorafin da wasunku ke ta yi a kan katin shaida da lambar da gwamnatoci ke bai wa 'yan ƙasa, wai hanya ce ta leƙen asirin mutane. Ni ra'ayina a fili yake: mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Wanda bai ci kuɗin kowa ba, bai rage shekarunsa ba, ba ya karɓar albashi biyu, me zai dame shi don hukuma ta san sunansa, ta ɗauki zanen yatsunsa, ta ba shi lamba? Mai ja da wannan ya kawo hujja, muna ji.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam, ina bayanka, kodayake dalilina daban ne. A ƙiyasin Bankin Duniya na 2021, mutane kusan miliyan 850 a duniya ba su da wata takardar hukuma da ke nuna ko su wane ne. Mafi yawansu talakawa ne, da yaran da ba a yi wa rajistar haihuwa ba. Wanda ba shi da shaida ba ya buɗe asusun banki, ba ya rubuta babbar jarrabawa, tallafi ya zo ya wuce shi, mace mijinta ya rasu ta rasa abin da za ta nuna a kotu. Masu kukan sirri galibi katinsu na aljihu suke kukan. Wanda bai samu ba, babban burinsa a rubuta sunansa a san da zamansa.

Barista Hadiza:
Hajiya, wannan gaskiya ce, ba na musu. Maganar Malam Habu ce ba zan bari ta wuce ba. Malam, a shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka fito da katin shaida a Ruwanda, aka rubuta ƙabilar kowa a jiki: Hutu, Tutsi ko Twa. Aka samu 'yancin kai, katin bai sauya ba. A 1994, cikin kwana kusan ɗari, aka kashe mutane wajen 800,000, kuma a shingayen hanya katin nan ake karɓa a duba kafin a yanke wa mutum hukunci. Wane laifi suke ɓoyewa? Malaman makaranta ne, manoma ne, mata ne da goyo. Abin da aka rubuta game da su ne ya zama laifi ranar da masu adduna suka samu dama.

Malam Habu:
Allah ya kyauta. Amma Barista, ƙiyayya ce ta kashe mutanen nan, da ba kati ma maƙwabci ya san maƙwabcinsa. Kuma gyaran ai mai sauƙi ne: kada a sa ƙabila ko addini a katin. Ruwanda kanta ta cire bayan abin da ya faru.

Barista Hadiza:
Ƙiyayya ce ta kashe su, haka ne, katin kuma ya sauƙaƙa wa maƙiyi aiki a wurin da bai san kowa ba. Cirewa daga jikin kati ba ya nufin an cire daga kundin da ke ofis. Dubi Holan. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu tana da rajistar jama'a mai tsari sosai, har da addinin kowa, kuma gwamnatin da ta tara bayanan ba ta da mugun nufi. Jamus ta mamaye ƙasar a 1940 ta tarar da aiki a kammale. Kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holan aka hallaka, a Faransa kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilan bambancin suna da yawa, amma masana tarihi na lissafa rajistar a cikinsu. Har ta kai a Maris na 1943 masu adawa da mamayar suka kai wa ofishin rajista na Amsterdam hari don su ƙone takardun, aka kama da yawansu aka kashe. Kusa-kusan nan ma, da gwamnatin Afghanistan ta faɗi a 2021, na'urorin ɗaukar zanen yatsa da na ido sun faɗa hannun Taliban, waɗanda suka yi aiki da tsohuwar gwamnati suka shiga firgici. Kai da ka ba da bayananka, gwamnatin yau ka amince wa. Kundin kuwa zai daɗe ya ga masu mulkin da ba ka sani ba.

Injiniya Nura:
Baba Habu, ranka ya daɗe, bari in shigo ta ɓangaren aikina. Ni katin bai dame ni ba. Lambar ce abin dubawa, musamman idan guda ɗaya ce a ko'ina. Asibiti ya san ciwonka, banki ya san bashinka, kamfanin waya ya san inda kake kwana da wanda kake kira da tsakar dare, makaranta ta san 'ya'yanka. Muddin kowanne yana ajiye nasa da tasa lambar, haɗa su aiki ne mai wuya, don masu suna iri ɗaya suna da yawa. Ranar da duk suka rubuta lamba guda a gaban sunanka, haɗa su a kwamfuta bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Mai riƙe da lambar ya ga rayuwarka gaba ɗaya, har abin da iyalinka ba su sani ba.

Kuma lamba ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Amurka ta fito da tata a 1936 don lissafin kuɗin fansho kawai. Shekaru da dama an buga a jikin katin cewa ba na shaida ba ne. A hankali hukumar haraji ta ɗauka, bankuna suka ɗauka, asibitoci da masu ba da bashi suka bi. A 2017 aka kutsa kamfanin Equifax, mai tattara bayanan bashin mutane, aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 147, har da lambobin nasu. Yawancinsu ba su taɓa hulɗa da kamfanin da kansu ba.

Sadiya:
Yaya Nura, to idan an sace ai sai a ba mutum sabuwa, kamar yadda banki ke yi da katin cirar kuɗi.

Injiniya Nura:
A nan matsalar take, ƙanwata. Katin banki ana toshe shi a buga wani. Lambar shaida an tsara ta ne ta bi ka har kabari, ba kasafai ake sauya ta ba. Zanen yatsa kuwa babu sauyi sam. A 2015 an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. Waɗannan mutane da yatsun nan za su ƙare rayuwarsu. Indiya ce ke da tsari mafi girma a duniya, Aadhaar, lamba mai alƙaluma 12, mutane sama da biliyan ɗaya. A Janairun 2018 jaridar The Tribune ta ba da rahoton cewa wakiliyarta ta biya rupi 500 aka ba ta hanyar duba bayanan masu lambar. Ba wata gagarumar fasaha aka yi ba, damar shiga ce ta fita daga hannun waɗanda aka ba amana. Sau da yawa ɓarna ta nan take zuwa.

Malam Isiyaku:
Bismillah. Ku bari in ce wani abu ta fuskar addini, don na ga ɓangarorin biyu kowa na da abin riƙewa. Rubuta sunayen jama'a don maslaha ba baƙon abu ba ne. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, aka rubuta mutane don kowa ya samu rabonsa daga baitulmali. Wannan hujja ce ga Hajiya Rabi. Amma Malam Habu, maganarka ta farko tana da gyara. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Allah ya hana bin diddigin asirin mutane, kuma muminai ake yi wa magana a kan 'yan'uwansu muminai. A Suratun Nur an hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ba a ce sai gidan mai laifi ba. Mutumin kirki ma yana da abin suturtawa: rashin lafiyarsa, bashinsa, sadakar da ya yi a ɓoye, matsalar aurensa. Sutura haƙƙinsa ce, ba ya buƙatar ya kawo dalili.

Malam Habu:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma kada mu manta da abin da rashin lamba ke jawowa. A 2016 gwamnatin Najeriya ta ce ta cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu albashi, kuma lambar banki ta BVN ce ta tona su. Kuɗin nan haƙƙin talaka ne. Ga masu garkuwa da mutane da 'yan damfara da ke kira da layin da ba a san mai shi ba. Shi ya sa a Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Idan kuka ce kowace hukuma ta ɓoye nata, ɓarawo kuka yi wa gata.

Injiniya Nura:
Baba, batun albashi na yarda ɗari bisa ɗari, can lambar ta yi aiki mai iyaka: a gano mutum ɗaya mai sunaye da yawa. Batun layi kuwa, mai shirin aikata laifi ba ya rajista da sunansa. Na wani yake nema, ko layin sata, ko na mamaci, ko na dattijon da aka ruɗa da alkawarin tallafi aka karɓi lambarsa. Idan jami'ai suka bi sawu, ƙofar wa za su buga? Ta mai lambar. Sai mai gaskiyar da ka ce ba shi da abin tsoro ya wayi gari yana rantsuwa cewa layin ba nasa ba ne, kwamfuta kuwa tana cewa nasa ne, kuma ita ake yarda da ita.

Hajiya Rabi:
Nura, wannan ta taɓa ni, don akwai wata irinta da ke damuna. Idan aka ce ba a ba da komai sai na'ura ta karanta yatsa, waɗanda nake karewa su ne farkon faɗuwa. Manomi, mai wanki, birkila, tsohuwa mai shekara tamanin, zanen yatsunsu ya goge. A Indiya an samu rahotannin iyalan da aka hana rabon hatsi saboda na'ura ta ƙi yatsa ko intanet ya yanke. Har yanzu ina nan a kan cewa kowa ya samu shaida. Amma dole a bar wata hanya ga wanda na'ura ta ƙi, ko da shaidar mutane biyu ce.

Barista Hadiza:
Kotuna da dama ma a tsakiyar nan suka tsaya. A 2017 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Indiya suka haɗu a kan cewa sirrin mutum haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. A 2018 kotun ta bar Aadhaar ya ci gaba wajen tallafin gwamnati da haraji, ta kuma hana tilasta shi wajen buɗe asusun banki da sayen layin waya. A Kenya babbar kotu ta hana karɓar bayanan ƙwayar halitta a shirin katin shaida na Huduma Namba, sannan a 2021 ta ce an saɓa doka da aka fara raba katin ba a tantance haɗarinsa ga bayanan jama'a ba. Fotugal ta fi kowa tsanani: tsarin mulkinta ya haramta bai wa ɗan ƙasa lamba guda ta komai, kuma mutanen da suka rubuta shi ba su daɗe da fita daga mulkin kama-karya ba. Birtaniya ta yi dokar kati a 2006, ta soke ta a 2010, aka lalata kundin.

Sadiya:
Anti Hadiza, ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ƙarami ne a kan waɗannan. Otal, wurin neman aiki, mai ba da haya, kowa sai ya ce a kawo kwafin kati. Ina takardun nan suke ƙarewa?

Barista Hadiza:
Ba ƙarami ba ne. Dokokin kare bayanai, irin ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da ta Najeriya ta 2023, sun ginu a kan cewa ba a karɓar fiye da abin da ake buƙata, ba a kuma ajiyewa fiye da lokacin buƙata. Kina da damar tambayar me za a yi da shi, wa zai ajiye, har yaushe. Sau da yawa a duba katin a mayar miki ya wadatar. Idan ya zama dole ki ba da kwafi, rubuta kwanan wata da dalilin bayarwa a tsakiyar takardar, yadda ba za ta yi amfani a wani wuri ba.

Injiniya Nura:
Kuma fasahar gyara tana nan. A Ostiriya kowane ɓangare, lafiya ko haraji ko ilimi, da lambar da yake ganinka da ita, ba sa haɗuwa sai ta hanyar da doka ta yarda. A Estoniya ɗan ƙasa na iya shiga ya ga wace hukuma ce ta duba bayanansa da lokacin da ta duba, ya kai ƙara in ba dalili. Su ma a 2017 an gano rauni a katuna sama da 700,000, gwamnati ta fito ta sanar, ta dakatar da su har aka sabunta.

Malam Habu:
To, na ji. Lambobi daban-daban da rajistar wanda ya leƙa, ba ni da ja a kai. Amma Estoniya mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma ma'aikacin da ya leƙa ba izini ana hukunta shi. Inda ba a hukunta shi, rajistar me za ta hana? Kuma kafin a gina duk wannan, ma'aikatan bogi da 'yan damfara ba za su jira ba. Ni dai har yanzu na fi tsoron ƙasar da ba ta san mutanenta ba a kan wadda ta san su da yawa. Barista, a ƙasashen da kika lissafa, idan hukumar da ke riƙe da kundin ce da kanta ta yi sakaci, wa ke da ikon cin ta tara, kuma wa ke naɗa shi?