Neman shawara: in sayi tsofaffin CDJ na hannu ko in haƙura?

Ɗan Rikkos ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a. Shekarata ta uku ke nan ina aikin DJ a nan Jos, galibi a wuraren kamu, dina da suna, tsakanin Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo, wani lokaci har Bukuru. Kayan aikina ba su wuce kwamfutar tafi-da-gidanka mai manhajar VirtualDJ, da ƙaramar mikisa, da amfilifaya, da lasifika biyu ba, kuma duk haɗin waƙar da nake yi da linzamin kwamfuta nake yinsa, abin da ya fara ba ni kunya idan na haɗu da abokan sana'a a wuri guda.

Wani mai kawo kayan sauti na Kwatano a Abuja ya turo mini hotunan CDJ guda biyu, wato na'urorin da DJ ke kiɗa da faifan CD a kansu, samfurin CDJ-1000MK3 na kamfanin Pioneer, ya ce daga wani gidan rawa a Ingila aka ciro su, kuma ba a taɓa kunce su ba. A hoto dai tsaf suke. Kuɗin da ya yanka ya kai abin da nake samu a biki shida, amma ya ce sabuwar irinsu ko guda ɗaya ba zan iya tunkara ba, kuma ya ce suna da wurin sa katin memori. Tambayata ita ce, shin sayen irin wannan na'ura ta hannu hikima ce ga mai aiki irin nawa? Idan kuma hikima ce, me zan duba kafin in biya? Ya ba ni zuwa ranar Asabar.

Mai Gyara na Dilimi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar lafiyar na'urar, ya kamata ka san abin da ake sayar maka. CDJ-1000 ta fara fitowa a 2001, kuma ita ce ta sa masu faifan garmaho suka fara yarda da faifan CD, domin ana iya dafa farantinta a tsayar da waƙa ko a ja ta baya kamar yadda ake yi wa garmaho. MK3 ɗin da aka nuna maka ta fito a 2006. Tana karanta CD na sauti, tana karanta MP3 idan a kan CD aka ƙona shi, amma ba ta da kafar filashi. Wurin katin da ya gaya maka gaskiya ne yana nan, sai dai ba waƙa ake sawa a ciki ba. Aikin katin shi ne ajiye alamomin da ka yi wa waƙa, wato inda za ta fara da inda za ta maimaita. Saboda haka duk waƙar da za ka sa a wurin biki, sai ka riga ka ƙona ta a faifai tun daga gida.

Idan duk da haka kana so, to kada ka tura ko sisi a kan hoto. Ka shiga mota ka je da kanka, ka tafi da belun kunnenka, da faifai uku: ɗaya na kamfani, ɗaya wanda ka ƙona a matsayin sauti, ɗaya na MP3. Abin da ke fara gajiya a cikin waɗannan na'urori shi ne idon da ke karanta faifai, kuma idon da ya fara rauni yakan karanta faifan kamfani lafiya lau, sai an sa masa wanda aka ƙona a gida ya tsaya yana ta laluba ko ya tofo shi waje. Mai sayarwa ya san wannan, shi ya sa kullum da nasa faifan yake gwada maka. Kada kuma ka yarda da gwajin minti biyar. Ka bar su a kunne aƙalla awa guda suna kiɗa, domin akwai cutar da ba ta bayyana sai na'ura ta ɗauki zafi.

Sai maɓallan CUE da PLAY, wato na mayar da waƙa inda aka yi mata alama da na kunna ta, waɗanda su ne suka fi shan duka a hannun kowane DJ. A ƙarƙashin kowanne akwai wani ɗan makunni da bai kai ƙwayar masara ba, kuma idan ya gaji sai ka danna da ƙarfi, ko ka danna ta gefe, kafin ya amsa. Ka taɓa shi a hankali sau ashirin a jere. Idan ya ƙi ko sau ɗaya, ka sa kuɗin canjinsa a cikin ciniki. Wannan gyara ne mai sauƙi, ina yinsa a teburina, don haka ba dalilin fasa saye ba ne. Na farantin kuwa daban ne: ka juya shi ka saurara ko yana gurzawa, ka dafa samansa ta gaba, ta baya da gefe-gefe ka ga ko waƙa tana tsayawa nan take a kowane ɓangare. Sandar ƙara gudu ma ka ja ta sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa kana kallon lambobin allo. Ya kamata su riƙa hawa a jere, idan suna tsalle ko suna rawa alhali hannunka na tsaye, ƙura ko lemon kwalba ya shiga ciki. Kayan gidan rawa kam ka shinshina su ma, ba wasa nake yi ba, domin abin sha da ya zube a ciki yana barin wari da danƙo.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kawo mini aiki: ka juya bayanta ka karanta takardar wuta. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Yawancin tsofaffin na'urorin nan don wutar ƙasa guda aka ƙera su. Na sha karɓar wadda aka jona kai tsaye, ta yi ƙara guda, hayaƙi ya biyo baya, tun mai ita bai ji sautinta ba.

Tsohon Hannu ya amsa:

Malam mai gyara ya faɗi gaskiya a kan duba kaya, ba ni da abin ƙarawa. Inda na saɓa da shi shi ne yadda ya nuna rashin filashi kamar nakasa ce. Mu da muka fara da kaset, muna juya shi da biro don neman farkon waƙa, sannan muka koma CD, mun san abin da waɗannan na'urori suka koya wa hannu da kunne. Ba su da maɓallin da zai daidaita maka gudun waƙa biyu. Kai ne za ka saurara, ka ja sanda, ka tura faranti kaɗan, har ganguna biyu su hau kan juna. Wanda ya koya a haka, ko ina aka ajiye shi zai yi aiki. Yaran yanzu da dama idonsu na kan allon kwamfuta tun daga farkon biki har ƙarshe, ba sa ganin lokacin da uwar amarya ta miƙe za ta shiga fili, balle su sauya mata kiɗan da ya dace da liƙi.

Sannan na'ura ce da aka yi ta don aiki guda. Ba ta sabunta kanta ana tsakiyar taro, ba ta kamuwa da ƙwayar cutar kwamfuta don wani ya jona filashinsa. Akwai kuma hanyar tsakiya: ana sa mata faifai na musamman mai ɗauke da siginar sarrafawa, a haɗa ta da kwamfuta ta wani akwatin sauti, sai farantin ya riƙa juya waƙar da ke cikin manhajar Serato ko VirtualDJ ɗinka. Haka muka yi shekaru. Amma akwatin kuɗi ne na daban, kuma igiyoyi za su ƙaru.

Gargaɗina ɗaya game da garinmu ne. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, lokacin ne ƙurar hunturu da sanyin Jos suke kan ganiyarsu. Na taɓa ɗauko na'urata daga bayan mota da daddare a Rayfield, ta yi sanyi ƙalau, na shigar da ita zauren da ya cika da mutane, sai raɓa ta kwanta a kan idon, ta ƙi karanta komai. Na tsaya ina murmushin dole, mai gabatarwa yana ta jan barkwanci, sai da ta sha iska kusan awa guda kafin ta dawo hayyacinta. Laifina ne, domin littafinta ma ya yi gargaɗi a kan haka. Tun daga ranar nake isa da wuri, nake kuma rufe su da mayafi idan ba a aiki.

DJ daga Kubwa ta amsa:

Baba Tsohon Hannu, da girmamawa, ɗan'uwanmu bai ce makaranta zai buɗe ba, abinci yake nema. A bikin Hausawa na yau, ƙawayen amarya sukan zo da waƙar da aka yi mata musamman, mai ambaton sunanta da na ango da na dangi, wadda sai da yammacin ranar aka kammala ta a sutudiyo, kuma ta WhatsApp za a turo maka ita kana tsaye a bakin mikisa. Ta yaya za ka sa ta a na'urar da sai faifai? Ko ka ce za ka ƙona, kwamfutocin yanzu da yawa ba su da wurin sa CD, faifan da ba a rubuta ba ma sai an sha yawo a kasuwa. Kamfanin Pioneer da kansa ya bar wannan hanya: XDJ-1000 da ya fitar a 2014 ba ta da wurin faifai, haka ma CDJ-3000 ta 2020, wadda ita ce ake gani a manyan wurare a nan Abuja.

Akwai kuma lissafin da ba a yi ba. CDJ biyu ba sa aiki su kaɗai, sai da mikisar DJ a tsakaninsu mai sandar ƙetarawa daga hagu zuwa dama da wurin sauraro a belun kunne, kuma ina zaton mikisar da yake da ita ta makirufo ce. Ga akwatunan ɗauka, ga nauyi, alhali mai zuwa aiki a Keke Napep yana ƙirga kowane kaya. Da wannan kuɗin zai iya samun kwanturola irin DDJ-400 ta 2018, ko DDJ-FLX4 da ta gaje ta a 2022, wadda ta haɗa faranti biyu da mikisa da katin sauti a jiki guda, tana shan wuta daga kwamfuta, kuma tsarin maɓallanta ya bi na manyan na'urorin. Idan aka ɗauke wuta, batirin kwamfuta yana riƙe da waƙar a inda take har a tayar da janareta. CDJ kuwa mutuwa take yi, sai ta sake karanta faifai daga farko.

Idan kuwa zuciyarsa ta nace sai CDJ, domin na san akwai kwarjinin da take ba mutum a idon masu ba da aiki, to ya nemi wadda aka yi daga 2009 zuwa sama: CDJ-900 ko CDJ-2000, ko CDJ-850 ta 2010. Duk suna karɓar filashi kuma suna aiki da manhajar rekordbox. Bambancin da ya kamata ya sani shi ne, 900 da 2000 ana haɗa su da igiyar sadarwa su ci daga filashi guda, ita kuwa 850 kowace sai da nata. Ya kuma yi wa filashinsa fomat a tsarin da ake kira FAT32, domin ba sa karanta filashin da aka yi wa fomat a tsarin NTFS. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyar na'ura suna cewa ta lalace saboda wannan kawai.

Mai Gyara na Dilimi ya sake amsawa:

Hajiya ta kawo magana mai kyau, sai dai in ƙara cewa kwanturola ba ta fi ƙarfin kwamfutar da aka jona ta ba. Idan kwamfutarsa tsohuwa ce mai yawan tsayawa, matsalar tana nan inda take. A wajen gyara kuma, babbar CDJ ta fi daɗin buɗewa, kayan cikinta a sarari suke, ko da yake sabon idon faifai na asali na tsofaffin nan wuyar samu gare shi, galibi sai dai a ciro daga wata da ta mutu. Wanda zai sayi mai filashi ta hannu kuma, ya girgiza filashin a hankali yana cikin kafar waƙa na tafiya; idan ta yanke, kafar ta saki. Ko wacce ya saya, kada ya jona ta a janareta ba tare da sitabilaiza ba.

Ɗan Rikkos ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya Juma'a na bi motar asuba ta Akwanga da Keffi, na isa shagon kafin azahar da faifaina uku a jaka. Ta farko ta karanta duka ukun. Ta biyu ta karɓi na kamfani, amma da na sa wanda na ƙona sai ta yi ta juyi kusan minti guda, sannan ta nuna lambar kuskure ta turo shi waje. Mai shagon ya ce faifan nawa ne ba shi da kyau, na ce masa ai yanzu 'yar'uwarta ta gama kiɗa da shi. Maɓallin CUE nata ma sai na danna da babban yatsa. Da na juya bayansu kamar yadda Malam ya ce, duka biyun 120 aka rubuta, sai a lokacin na lura da ƙaramar taransifoma da ya ɓoye a ƙarƙashin tebur, wadda ta cikinta ya jona su. Na tambaye shi yadda aka yi kayan Ingila suke shan wutar Amurka, ya ce yaronsa ne ya rikita kwalaye.

Ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ya ce zai haɗa mini da taransifomar, amma na ce masa zan yi shawara, na kamo hanya. A shagon da ke kusa da shi na ga CDJ-850 guda ɗaya tilo, mai wutar ƙasarmu, na gwada ta da filashina ta yi aiki, kuma kafar ba ta motsi. Yanzu abin da nake so in sani shi ne, Hajiya, idan na ɗauki wannan guda ɗayan na haɗa ta da kwamfutata a mikisa guda kafin Allah ya hore ta biyu, aikin zai tafi, ko dai in bi shawararki ta kwanturola tun yanzu? Malam mai gyara kuma, zan shigo Dilimi ranar Litinin da kwamfutar ka duba mini ko za ta iya ɗaukar rekordbox, domin ina da kamu biyu a ƙarshen wata.