Me ya sa wuƙar aljihu mai miƙaƙƙen kaifi take da farin jini?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum. Cikin wuƙaƙen aljihu masu ninkewa, akwai waɗanda kaifinsu miƙe yake sambal daga gindi har tsini, bayan wuƙar ne ke sunkuyowa ya tarar da shi. Mene ne amfanin wannan ƙira a kan mai tumbi da aka saba, wato wadda kaifinta ke lanƙwasa sama wajen tsini? Ko dai ado ne kawai?

Mai_Washi: Wa alaikumus salam. Ba ado ba ne, ɗan'uwa. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai Wharncliffe, ƙirar da ta yi suna a wurin maƙeran Sheffield ta Ingila tun ƙarni na 19: bayanta na gangarowa sannu a hankali har ya zama siririn tsini. Akwai kuma wadda ake kira ƙafar tunkiya, ita bayanta a miƙe yake tafiya sai dab da ƙarshe ya faɗo, shi ya sa kanta dakushe ne.

Sirrin yana wurin jan yanka. Ɗauki kwali ka ja wuƙa mai tumbi a kai: da ka kusa tsini, kaifin ya lanƙwashe sama, sai kwalin ya sulluɓe. Miƙaƙƙen kaifi kuwa a kusurwa ɗaya yake cin abu har ƙarshe, ƙarfin hannunka bai raguwa. Sannan tsinin a ƙasa yake. Ɗora manuniya a bayan wuƙar, ka tsaga salatif ɗin kwali ko ka bi layi a kan fata ba sai ka karya wuyan hannu ba. Igiya, ledar ɗauri, fiƙe fensir, cire rigar waya, duk nan ta fi ƙarfi.

Ɗan_Ƙota: Malam Mai_Washi ya faɗi daɗin, ga ɗacin. Ba ta fiɗa, tsinin huda fata yake yi. A kan katakon yanka ma wahala ce, domin yatsunka ko ƙotar kan taɓa katakon kafin gindin kaifin ya sauka, sai ka ƙare kana aiki da santimita 2 na gaba kawai. Nan ne kuma ke fara dasashewa. Tsinin Wharncliffe ba ya son ɓanɓara: ka sa shi ƙarƙashin murfin gwangwani ka murɗa, ya ɓalle, musamman a ƙarfe mai tauri irin D2. Ƙafar tunkiya ta fi juriya, kuma ita masu aikin ceto ke zurawa ƙarƙashin bel ɗin kujerar mota su yanke shi, don kada su soki mutum.

Mai_Washi: Haka ne, amma wurin washi ba ta da na biyu. Shafa tawadar alƙalamin maka a bakin kaifin, ka kwantar da shi a dutsen washi mai lamba 400 (lambar kaushinsa ce, in ta ƙaru dutsen ya fi sulɓi) a kan digiri 17 zuwa 20 kowane gefe. Ja biyu ka duba: in tawadar ta goge a sama kaɗai, ba ta goge a bakin kaifin ba, ɗaga bayan wuƙar kaɗan. Ci gaba har ka ji ɗan leɓen ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen daga gindi zuwa tsini, sannan ka juya. Koma lamba 1000, ka ƙarasa a fata kana ja baya.

Kuskure biyu ke ɓata ta. Hannun da ya saba da mai tumbi yakan ɗaga ƙota a ƙarshen ja, nan da nan tsinin ya zama gundul. Kada ma ka bar tsinin ya zame daga gefen dutsen. Na biyu, dutsen da ya yi kwari a tsakiya zai yi wa kaifin tumbin da ba ka nema ba, don haka a baje shi tukuna.

Sabon_Shiga: To in tsinin ya riga ya ɓalle fa?

Ɗan_Ƙota: Kada ka ci kaifin don ka cim masa. Daga bayan wuƙar ake gogewa a dutse mai kaushi, a sauko da shi har ya haɗu da kaifin. In da inji ne, riƙa tsomawa a ruwa don kada zafi ya kashe taurin ƙarfen. Bayan nan ninke ta ka shafa yatsa a hankali, ka tabbata tsinin ya shige cikin ƙota, in ba haka ba aljihu zai yaga, ko yatsa.