Baba ya fara mantuwa, an kawo mini maganin tsiro da ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga Garwa nake. Mahaifina shekararsa 68, dillalin shanu ne da ke riƙe lissafin bashi a ka. Tun bayan Babbar Sallah ya fara mantuwa. Jiya sau uku yana tambayata ko an yi la'asar, alhali kafaɗa da kafaɗa muka yi ta. Amma labarin ƙuruciyarsa ko suna ɗaya bai ɓace masa ba. Wani ya kawo mini kafso, wai akwai NGF a ciki mai tsiro da sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sefa dubu 30. In saya?

Malamin jinya, Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Riƙe kuɗinka, ɗan'uwa. NGF gaskiya ne, sinadari ne da ke raya jijiyoyi, shi ya jawo wa Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen kyautar Nobel a 1986. Sai dai furotin ne, ciki narkar da shi yake kamar tsoka. Ko ta jini aka ba da shi, da ƙyar yake tsallake shingen da ke kare ƙwaƙwalwa.

Ɗaliba, Gaundare: Yaya, sabon abin da mutum ya gani ko ya ji a hipokamfas, wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kula da tunawa, yake fara zama kafin ya kafu, shi ya sa la'asar ta ɓace amma tsohon labari yana nan. A 1998 aka ga alamar sababbin ƙwayoyi a wurin ga manya, a 2018 wasu suka ce kusan babu, har yau masana na gardama. Abin da ya fi tsayuwa shi ne BDNF, ɗan'uwan NGF, wanda ke ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi, kuma motsa jiki na ƙara shi. A Amurka, 2011, an gwada tsofaffi 120. Masu tattaki na shekara guda hipokamfas ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100.

Wata uwa, Kusiri: Ɗana, fara da asibiti. Haka maigidana ya yi, muna cewa tsufa ne, ashe sinadarin B12 ne ya yi ƙasa. A auna masa hawan jini da suga ma. Kuma in ya maimaita tambaya, amsa masa kamar yanzu ya fara yi, kada ka nuna masa.

Na gode, Inna. Litinin zan kai shi in Allah ya yarda. Tattakin kuma bayan asuba za mu riƙa yi ta bakin Binuwai, kafin rana ta buɗe.