"Jank" da Hausa: tarkace, gambiza ko akwala?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun daren Asabar. Waɗanda muke buga wasan katuna na Netrunner tare a barandar shagon ɗinki bayan isha'i sun san mun riga mun hausantar da rabin wasan. Mai ɓoye ajandoji, wato katunan da ke ba da maki, Kamfani ne, mai neman sace su Ɗan Kutse, abin da Kamfani ke girkewa don tare hanya katanga ce, katunan da mutum ya zaɓa ya haɗa da hannunsa kuma dami. Da fari "ƙunshi" muka ce, sai matan gida suka tambaye mu yaushe muka fara lalle.

Saura guda ɗaya: "jank". Haka Turawan wasan ke kiran damin da mutum ya haɗa a kan wata dabara bauɗaɗɗiya, yana sane ba ita ce mai ƙarfi ba, amma ransa ya biya. Ga nawa. Gidan Weyland na ɗauka, ɗaya daga cikin gidajen Kamfani, na ɗora komai a kan kati ɗaya, ajandan Government Takeover. Maki 7 ake nema a ci wasa, shi kaɗai yana ba da 6. Sai dai kafin ya nuna, wato Kamfani ya iya cin makinsa, sai an ɗora masa alama 9, kowace alama tana cin taku ɗaya (wato motsi ɗaya na ɗan wasa) da kuɗi ɗaya, alhali Kamfani taku 3 gare shi a zagaye. Ku lissafa: ajiye shi taku ɗaya, alamomi taku 9, sai a zagaye na huɗu zai nuna. A tsakani Ɗan Kutse ya samu zagaye 3, kowanne da taku 4, yana kallon katin nan yana ƙara ƙiba a gabansa kamar ragon layya. In ya tsallake katangata ya ɗauke shi, maki 6 ɗin nasa ne. Wasa 11 na buga da damin nan, na ci 2. Biyun nan kuwa har gobe ina ba da labarinsu. To me sunan wannan abu da Hausa?

'Yar Asawase: Yaya, tarkace. An gama, a kawo wata tambayar.

Ɗan Aboabo: Ƙanwata, ki ji tsoron Allah. Tarkace abin da aka share aka tara ne, babu wanda ya zauna ya yi masa tunani. Ni mako 3 ina juya katunan nan. Ko dalilin sa katon ajandan ma akwai shi: damin Kamfani mai kati 45 zuwa 49 dole ya ɗauki maki 20 ko 21 na ajanda. In kati ɗaya ya cinye 6, ajandojin da ke yawo a damin sun ragu, Ɗan Kutse zai yi ta lalube yana fitowa hannu wayam. Wannan ai ba shara ba ce.

'Yar Asawase: Sau 9 dai ya lalubo.

Malamin Firamare: Ku yi haƙuri da mai shigowa daga baya. Wasan ban taɓa buga shi ba, kartar da na sani ita ce ta ƙarƙashin bishiya, amma harshen namu ne duka. Abin da ka siffanta ya yi mini kama da haɗin gambiza, wato a haɗa abubuwan da ba su dace da juna ba, riga daban, wando daban, hula daban. Sannan don Allah wane irin wasa ne wannan, caca ce?

Ɗan Aboabo: Malam, ba a sa ko sisi. Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi a 1996, kamfanin Fantasy Flight na Amurka ya sake fito da shi a 2012, ya daina a 2018. Daga nan masoya wasan suka ci gaba da fitar da sababbin katuna, su ne yanzu ake kira Null Signal Games. Mu nan saukewa muke yi mu kai a buga mana a takarda mai kauri mu yanka da almakashin tela, ko mu hau shafin jinteki.net mu buga in akwai wuta. Labarinsa na wata duniya ce ta gaba inda manyan kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi, masu kutsen kwamfuta na yi musu ɓarna.

Gambiza kuwa na yi ta juya ta a raina, ta kusa, amma ga inda ta zame. A wasan nan kowa ɗan gambiza ne. Kamfani gida 4 ne, Haas-Bioroid, Jinteki, NBN da Weyland, 'yan kutse kuma manyan gidajensu 3. An yarda ka aro kati daga gidan da ba naka ba, kowane kati da nauyin aronsa, yawanci jimillar aron ba ta wuce 15. Damin da ke cin gasa ma haka yake, an aro nan an aro can. In muka ce gambiza, ba mu raba gwani da mai son zuciya irina ba. Ga shi kuma 'yan siyasa sun riga sun ɓata kalmar, da ka faɗe ta sai a ɗauka maganar jam'iyyu kake.

Wuri ɗaya na yarda ta zauna daram: tsohon katin nan na Ɗan Kutse, The Professor. Aronsa 1 tak, amma kwafin farko na kowace manhaja, wato katin da Ɗan Kutse ke aikin kutse da shi, ba a lissafa masa. Sai ka ga mutum ya cika dami da manhaja ɗaiɗai daga kowane gida, kamar tiren mai koli a kasuwar Kejetia ta Kumasi, komai akwai, wanda ake nema ne kawai ba ya hannu. Wannan kam gambiza ce, Malam, na ba ka.

Mai Shayi: Kwashi-kwaraf fa?

Ɗan Aboabo: Wannan aikin gaggawa ne, a yi a wuce. Ba shi ba ne.

Bakaniken Suame: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Sunan abin nan akwala. Shekarata 20 da wani abu a Magazin, unguwar bakanikai ta Suame, na san mai akwala tun daga nesa. Ba wai bai san motarsa ba ce, ya fi kowa saninta. Ya san ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, ya san ba ta tashi sai an tura, shi ya sa kullum kan gangare yake ajiye ta da daddare. Ya san wace waya zai taɓa in ta yi shiru a tsakiyar titi. Kowa na yi masa dariya, shi ma yana yi, amma ka ce ya sayar ka gani. Ranar da ta haura tudu ta bar wata sabuwa fil a baya tana tafasa, unguwa ba za ta yi barci ba. Ƙanina, katin nan naka mai alama 9, ba gangaren kake nema masa ba duk daren?

Ɗan Aboabo: Masta, ka taɓa ni inda yake mini ƙaiƙayi. Rabin damin gangaren ne: katunan tara kuɗi, da katanga mai tsada da nake jibgewa a gaba don ya ji tsoron shigowa. Abu ɗaya ya rage mini. Akwala ai ta taɓa zama sabuwa, tsufa ya kama ta. Nawa damin tun ranar haihuwarsa haka yake.

Bakaniken Suame: Zo Magazin in nuna maka motar da ba ta taɓa zama sabuwa ba. Inji na wata, akwatin giya na wata, bodi mu muka yi masa walda a nan. Ranar da ta fara taka titi akwala ce. Ba shekaru ake dubawa ba, hali ake dubawa.

Kawu na Alabar: Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Abin da ake daɗe ana ɗurawa, a harba sau ɗaya, in an samu an samu, in an kuskure sai ƙafa, wani lokacin ma ya fashe a hannun mai shi, iyayenmu sun riga sun raɗa masa suna: harba-ka-ruga.

Ɗan Aboabo: Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan ta shiga littafi. Sai dai ba kowace akwala ce bindiga ba, wata a hankali take kashe mutum da gajiya. Harba-ka-ruga ta dace da mai harbi ɗaya, irin katin Apocalypse: ka kutsa hannun Kamfani, da daminsa, da jujinsa inda yake zubar da katuna, duka ukun a zagaye guda, taku na huɗu ka saki katin, duk abin da ya girka ya tafi juji, naka kuma a kife su. In ɗaya daga cikin ukun ya ci tura, ka ɓata zagaye a banza.

'Yar Asawase: To ai Apocalypse ɗin nan gwanaye sun shiga manyan gasa da shi, har ana tsoronsa. Shi ma akwala ne?

Bakaniken Suame: Motar da ta fara jigilar fasinja kullum daga Kumasi zuwa Accra tana dawowa lafiya, wa zai ƙara ce mata akwala? Ta zama motar haya. Sunan yana sauka da kansa.

Ɗan Aboabo: Su ma Turawan haka suke yi da tasu kalmar, da dami ya fara cin gasa sun daina kiransa da ita. Wannan ne ya ƙarasa gamsar da ni. Kuma akwala tana da abin da sauran ba su da shi: in wani ya faɗa maka tsokana ce, in kai ka faɗa da bakinka taƙama ce.

Malamin Firamare: Na janye tawa. Gyara ɗaya: "akwala ce" za ku rubuta, ba "akwala ne" ba kamar yadda 'yata ta yi a sama.

'Yar Asawase: Malam, a Kumasi muke fa. Mu nan mace ma "ne" muke ce mata.

Ɗan Aboabo: A baki kowa ya yi ta garinsu, a rubuce mu bi Malam. Dami irin wannan akwala, mai haɗa shi ɗan akwala, sana'ar kuma akwalanci. Mai harbi ɗaya harba-ka-ruga, irin na Professor gambiza. Asabar bayan isha'i ina nan da akwalata, na ƙara mata katanga 2.

'Yar Asawase: Ka zo da masu turi, Yaya.