"Da tsohuwar zuma ake magani": har a cikin kwamfuta?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka yi sa-in-sa da maigidana a shago. Wani ɗan kasuwa ya kawo tsohon sikelin auna hatsi mai haɗawa da kwamfuta, direbansa (manhajar da ke haɗa shi da kwamfutar) tun na zamanin Linux 2.4 ne, wato tsohuwar sigar babbar manhajar kwamfutar, yana kiran sys_open da sys_read, umarnin buɗe fayil da karanta shi, kai tsaye. Da ƙyar ya harhaɗu, insmod, umarnin da ke loda direba, kuma ya ƙi karɓa, sai "Unknown symbol in module", wato bai san sunan da direban ke kira ba. Na ce a sake rubuta wurin da filp_open da kernel_read, waɗanda ke yin wannan aikin a yanzu. Maigida ya dube ni ya ce, "Yaro, da tsohuwar zuma ake magani," ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Ina karin maganar ta shiga nan?

Injiniyan Kusiri: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa maigidanka lafiya, amma wannan zumar an rufe tulunta. Direba ba ya kiran komai a cikin karnel, wato zuciyar Linux, sai abin da aka fitar masa da alamar EXPORT_SYMBOL. Teburin sys_call_table, jerin irin su sys_open, an daina fitar da shi tun Linux 2.6, wanda ya fito a 2003. Masu wayo suka koma bi ta kallsyms_lookup_name, mai nemo sunaye a cikin karnel, shi ma aka toshe a 5.7, shekarar 2020. A kwamfutoci masu kwakwalwa samfurin x86 ma tun 4.17 sunan sys_open ya koma __x64_sys_open. Wa za ka kira?

Malam Na Marwa: Kun yi gaggawa, samari. Ai ba layukan da ke cikin direba yake nufi ba, kansa yake nufi. Cewa yake ka tambayi wanda ya riga ka ganin abin.

Injiniyan Kusiri: Allah gafarta Malam, in haka ne me ya hana shi zama ya gyara?

'Yar Ngaundere: Ku tsaya ku ji. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, tana da wani ƙaramin tulu na zuma a ƙarƙashin gadonta, ta ce tun na aurenta ne. Kun san ƙasarmu ta Adamawa da zuma, amma a wurinta duk ta kasuwa ruwa ce. Tari, ƙuna, ciwon maƙogwaro, mai jego da ta rasa ƙarfi, duk cokali ɗaya. Ba mai taɓa tulun sai ita, ko mahaifinmu. Maƙwabta har da daddare suke sallama. Mu yara kuwa tarin ƙarya muke yi, ta gane, ta haɗa mana da tafarnuwa. Bayan rasuwarta sai gwaggonmu ta fasa ƙwai: duk shekara ita ake aika ƙauye a ɓoye ta sayo sabuwa daga masu amya, a ƙara a kai.

Hajiyar Injamena: Allahu akbar! To waɗanda suka warke fa, da wacce suka warke?

'Yar Ngaundere: Hajiya, har yau ana wannan gardamar a gidanmu. Baffanmu ya rantse ta ƙasan tulun ce ke aiki.

Mai Shayi: Mu ma muna da wata tsohuwar zumar da ta daɗe a tulu, kowane zaɓe a ce da ita za a yi magani. Tarin dai yana nan.

Malam Na Marwa: Mai Shayi, bango yana da kunne.

Mai Shayi: Ni zuma na ce, Malam. Ko an hana maganar zuma?

Ɗan Garwa: Don Allah a dawo kan sikeli, mai shi yana zuwa ranar kasuwa.

Injiniyan Kusiri: Ƙanena, duba MODULE_LICENSE, layin da ke faɗin lasisin direban, tukuna. In ba GPL, lasisin da Linux ke amfani da shi, aka rubuta ba, duk abin da aka fitar da EXPORT_SYMBOL_GPL zai ba ka irin wannan saƙon na "Unknown symbol". Kuma kada ka nemi set_fs, dabarar da tsofaffin direbobi ke haɗawa da sys_read, an cire shi daga x86 a 5.10.

Hajiyar Injamena: Ni a wurin iyayenmu kan kishiya na fi jin ana faɗar karin maganar nan, uwargida ke jefa wa amarya.

'Yar Ngaundere: Ita kuma amarya ta ce zamani riga ne. Hajiya, nawa ake sayar da litar zuma a wajenku yanzu? Ina da mai kawowa.