Wane suna za mu ba wa horseradish da Hausa?

Jama'a masu harkar girki da masu fassara ku matso kusa. Wata 'yar uwa mai rubuta girke-girke ce ta tambaya a group ɗinmu wai me ake ce wa garin horseradish da Hausa, tun jiya ake ta ja-in-ja har yanzu ba a tsaya kan guda ba, shi ne nace bari in kawo shi nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Ga wanda bai san shi ba, saiwa ce fara doguwa, asalinta kudu maso gabashin Turai da yammacin Asiya, dangin kabeji da mastad ce. In tana ajiye baka taɓa ta ba babu wani wari, sai ka goga ta ko ka daka ta sannan sinadaran cikinta su haɗu su tada wani yaji mai tashi sama. Garin ma haka yake, busasshe lami ne, sai an dama shi da ruwan sanyi an barshi kamar minti 10 yake farkawa. In an zuba masa ruwan khal sai yajin ya tsaya inda ya kai. Kuma baya son wuta ko kaɗan, kina zuba shi a tukunya tana tafasa kin yi asarar kuɗinki, shi yasa ake haɗa shi da kirim ko mayonis a ajiye gefen faranti, ko a sa bayan an sauke.

A Ingila da gasasshen naman sa suke cinsa, a Poland da Rasha suna haɗa shi da bitirut, wata jar saiwa, ya koma ja, Yahudawa kuma da yawansu shi suke sawa a matsayin ɗacin da ake ci a daren idinsu na Pesach, wato Idin Ƙetarewa. Kai har wasabi, koren yajin da ake ba mutane da sushi (abincin Japanawa na shinkafa da kifi), a yawancin gidajen abinci da ke wajen ƙasar Japan garin horseradish ne aka haɗa da mastad aka zuba kala.

To suna fa. Wani yace radish ɗin doki, tunda a cikin sunan na Turanci akwai doki. Ni dai ban yarda ba, dokin da ke wurin nufinsa ƙato mai kaushi, babu ruwansa da dabbar, kuma radish ɗin kanta Bahaushe nawa ne ya santa balle a jingina wani abu da ita. Wata tace farar citta, shima a'a, gobe wata zata je kasuwa mai kayan yaji ya auna mata busasshiyar citta ta dawo tace girkin bai yi ba.

Wanda ya ɗan ja hankalina shi ne zogalen Turawa, don akwai alaƙa ta gaskiya. Turawan Ingila bishiyar horseradish suke kiran zogalenmu saboda saiwarsa tana da yaji irin wannan, har a Indiya sun riƙa amfani da ita a madadinsa. Amma mu da an ce zogale ganye muke gani da ƙuli-ƙuli da kwaɗo, ba mai tunanin saiwa, kuma tsiron biyu ko kama basa yi.

Yajin hanci da wani malami ya kawo ya kusa, don abin da ya raba shi da barkono da attaruhu kenan, su a harshe suke zama suna ƙuna, shi kuwa hanci yake bi ya haura kai hawaye su zubo, kafin ka nemi ruwa ya wuce. Matsalar kawai sai a ɗauka abin shaƙa ne irin garin taba.

Ni nawa shi ne doki-hanci. Ai dama muna cewa ƙamshi ya doki hancina, kuma ginin kalmar namu ne tsaf, irin dafa-duka da hana-salla da fasa-ƙwauri. Sai a ce garin doki-hanci, miyar doki-hanci, a goga doki-hanci cokali ɗaya, bakin ba ya sarƙewa. Wani zai ce ai mastad da wasabi suma suna dukan hanci, gaskiya ne, amma su sun riga sun shigo da sunayensu kuma suna faɗuwa da sauƙi, wannan ne kawai ke karya harshe. A rubutu na farko a haɗa da sunan Turancin don mai zuwa shago ya gane kwalbar.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke ganinsa da sunan Faransanci raifort, ya doki-hanci yake a kunnenku?