An farfasa silin asbestas a gidanmu, me ya kamata mu yi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya muka cire tsohon silin gidanmu na kwatas, irin farin allon nan na asbestas, yaran kafinta da guduma suka farfasa shi ƙura ta turnuƙe har kicin. Yanzu ƙanina ke ce min wai abin nan yana kawo ciwon daji. Don Allah me zan yi, ga yara a gidan

Maman Ummi: Wa'alaikumus salam. A ba kowa madara ya sha, tana wanke ƙura

Injiniya: Hajiya madara ciki take tafiya, ƙurar kuma huhu ta shiga. Baban Khalifa ka fara kai yara gidan ƴan uwa. Kar a sa tsintsiya, kar a kunna fanka. A yayyafa ruwa a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman da ɓaraguzan a zuba a leda mai kauri, a ninka ta biyu a ɗaure. Mai gogewa ya sa takunkumin tace ƙura mai lambar FFP3 ko P100, na asibitin nan ba ya tare ta

Yaya Babba: Wallahi ku ji maganar Injiniya. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa kafinta ne, ya fi shekara 20 yana yanka kwanon asbestas da zarto, in ya dawo gida gemunsa fari fat kamar wanda ya fito daga injin niƙa, Innarmu ta kakkaɓe rigar a tsakar gida kafin ta wanke mu kuma muna wasa a wajen. Ya daɗe da barin aikin sannan numfashi ya fara yi masa wuya, daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango, muka yi ta sayen maganin tari har aka gwada shi ko tibi ne aka ce ba shi ba ne, sai wani likita da ya ga hoton ƙirjin ya tambaye shi Baba wane aiki ka yi da ƙuruciya. Ga shi kuma yana shan sigari. Don Allah kayan da kuka sa ranar kar a kakkaɓe su, a jiƙa a wanke su daban, in za ka iya ma ka zubar

Maman Ummi: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta

Ɗan Gwandu: Amin. Amma fa tun muna firamare rufin ajinmu asbestas ne kuma ga mu lafiya lau

Injiniya: In yana zaune ba a taɓa shi ba matsalar kaɗan ce, fasawa da yankawa da hudawa ke sakin ƙananan zaren da ke cikinsa a shaƙa. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999

Oga Kafinta: To mu wa ya taɓa gaya mana? Kullum laifin kafinta, mai gida kuma cewa yake a gama yau

Baban Khalifa: Oga ban ɗora wa kowa laifi ba, ni na ce su yi sauri

Anti Nas: Ka kwantar da hankalinka ɗan uwa. Shaƙa ta kwana ɗaya ba ɗaya take da ta wanda ya shekara yana aikin ba, haɗarin ya fi ƙanƙanta nesa. Hoton ƙirji yanzu ba zai nuna komai ba don ciwon kan ɗauki shekara 10 zuwa 40 kafin ya bayyana, kuma babu maganin da ke fitar da zaren daga huhu. Ka rubuta ranar ka ajiye, duk sanda ka ga likita ka faɗa masa. In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ko numfashi na sarƙewa ko ƙirji na ciwo, kar a tsaya kemis. Babban abu shi ne sigari, ita da asbestas in sun haɗu haɗarin sankarar huhu ninkuwa yake sosai, a gaya wa yaran kafintan nan

Ɗan Gwandu: Yanzu wanne za ka sa, PVC ko POP?

Oga Kafinta: POP mana, PVC in wuta ta kama narkewa yake

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Injiniya ɓaraguzan fa lebura ya riga ya zuba su a ramin layinmu, motoci na bi ta kai, in je in kwaso ne?